Ƙiba Bayan Dashen Hanta da Magungunan Rage Ta: Abin da Ya Shafi Mai Juna Biyu

Na san da jin kan wannan bayani wata za ta ce ina ruwana da dashen hanta, ni da ko a labari ban taɓa jin an yi wa wani a garinmu ba. Ki daure ki karanta, ko ki sa a karanta miki har ƙarshe, domin wasu daga cikin ƙwayoyin da za mu yi magana a kansu suna nan a kemis ɗin unguwarku, suna kuma cikin faifan mai tallan magani ran kasuwa. Mai yiwuwa ne ma kin san wadda take shan su.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata baiwar Allah da ta zo mana daga wani ƙauye kusa da Kangire, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Shekarunta talatin da ɗaya, haihuwarta biyu. Ciwon hanta nau'in B ya daɗe a jikinta ba ta sani ba, sai da idanu suka yi rawaya, ciki ya cika da ruwa kamar mai wata tara, sannan aka gane hantar ta riga ta lalace. Dangi suka haɗa hannu, aka sayar da gona da shanu, aka kai ta Indiya, inda yawancin mutanenmu masu wannan lalura suke zuwa, wasu kuma Masar. Ƙaninta, wanda awo ya nuna ba ya ɗauke da cutar, shi ya ba da yanki daga hantarsa. Hanta dai Allah ya yi ta da sake tohowa, don haka cikin 'yan watanni tasa ta koma kusan yadda take, yankin da aka dasa mata shi ma ya girma.

Ta dawo gida a rame, kilo 52. Bayan shekara ɗaya da rabi ta kai kilo 74. Da farko kowa murna yake, ana cewa ta murmure, ta yi kyau, kuɗi bai tafi a banza ba. Daga baya gwiwa ta fara ciwo, jini ya hau, sukari ma ya hau. Sai wata ƙawarta ta kawo mata shayin rage tumbi, a wani kwali mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa a gidan. Wata kuma ta ce mata ai 'yar farar ƙwayar nan da kike sha da safe ita ke busa ki. Ta daina shan ƙwayar, ta kama shayi. Mako biyu tana gudawa. A wannan watan kuma ba ta ga al'adarta ba, shi ne ta zo sashenmu na awon ciki tana zaton ta samu. Da na karɓi ledar magungunanta na zazzage a kan tebur, na ga abin da ke ciki, gabana ya faɗi. Zan gaya miki dalili a gaba.

Me ya sa ƙiba ke biyo bayan dashe?

Ba ita kaɗai ba ce. Tun da Dakta Thomas Starzl ya fara gwada dashen hanta a birnin Denba na Amurka a 1963, aka kuma fara samun nasara a 1967, likitoci suka lura cewa waɗanda suka rayu da yawansu ƙiba na kama su. Wani bincike da aka yi a Bamingham ta Ingila, aka buga a 2005, ya nuna cewa masu dashe kan ƙara kimanin kilo 5 a shekarar farko, kilo 9 da rabi zuwa shekara ta uku, kuma a lokacin kusan mutum ɗaya cikin uku ya shiga sahun masu ƙibar da ta wuce kima.

Dalilin farko mai sauƙin ganewa ne. Mutum ya yi shekaru ba ya jin daɗin abinci, an hana shi gishiri, an hana shi wannan da wancan, sai ga shi baki ya buɗe. Iyali kuma don tausayi ba sa bari ya ɗaga ko tsinke. Matar da ta saba daka da surfe da ɗebo ruwa an zaunar da ita a kan tabarma, ana ta turo mata farfesu, shayi mai kauri da lemon kwalba.

Dalili na biyu shi ne magani. Jikin ɗan Adam yana da sojojin da ke yaƙar duk wani baƙon abu, kuma a wurinsu sabuwar hanta baƙuwa ce ko da ta ɗan'uwa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda haka mai dashe zai riƙa shan magungunan kwantar da garkuwar jiki har iyakar rayuwarsa. Babba a cikinsu shi ne takrolimus, wanda za ki ga an rubuta Prograf a wani kwalin. Akwai maikofenolet, wato CellCept. Akwai kuma firednisolon, 'yar farar ƙwayar nan ta safe. Firednisolon na buɗe ciki, yana tara kitse a fuska, wuya da tumbi, yana riƙe ruwa da gishiri a jiki, yana ɗaga sukari. Takrolimus shi ma yana iya jawo ciwon sukari da hawan jini. Ashe mai ba ta shawara ba ta yi ƙarya ba da ta ce ƙwayar na sa ƙiba. Inda ta yi ɓarna shi ne da ta ce a daina.

Ƙibar mai dashe ba maganar kwalliya ba ce. Kitse yana taruwa a cikin sabuwar hantar kamar yadda yake taruwa a ta kowa, ya kumbura ta, a hankali ya taurara ta. A Amurka yanzu kitsen hanta na cikin manyan dalilan da ke kai mutane ga dashe tun farko. Ga kuma ciwon zuciya da na ƙoda, waɗanda su ne ke kashe masu dashe da yawa bayan shekaru, hantar kuwa tana lafiya lau.

Shin akwai maganin da ke hana wannan ƙiba?

Babu wata ƙwaya da ake ba kowane mai dashe don kada ya yi ƙiba. Abu na farko da likita ke yi shi ne rage firednisolon kaɗan-kaɗan, yana duba awon jini, har wasu a cire musu shi gaba ɗaya cikin watannin farko. Wasu kuwa, kamar matar da nake ba ki labari, jikinsu ya taɓa yunƙurin ƙin hantar, dole a bar su a kan ɗan kaɗan. Idan ciwon sukari ya shigo, likita kan zaɓi maganin da ba ya ƙara nauyi, irin su metfomin, in ƙoda na da lafiya. Sai abinci da motsa jiki, waɗanda kowa ke raina su don ba a kwali suke zuwa ba.

Idan duk an yi wannan nauyi ya ƙi tsayawa, musamman ga mai hawan jini ko sukari, a nan ne likitan hanta zai duba maganin rage ƙiba. Kowanne da irin matsalarsa.

Akwai olistat, wanda ake sayarwa da sunan Xenical, aka amince da shi a Amurka a 1999. Aikinsa a cikin hanji yake, yana hana jiki tsotse kimanin kashi ɗaya cikin uku na man da aka ci, sai ya fita a bayan gida. Matsalar ita ce ba mai kaɗai yake fitarwa ba. Yana tafiya da bitamin A, D, E da K, yana kuma rage shigar saikulosforin, wani maganin garkuwa da wasu masu dashe ke sha a madadin takrolimus. Idan maganin garkuwa ya yi ƙasa a jini, sojojin jiki sai su far wa hantar. A 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙara gargaɗi a kansa cewa, ko da yake ba kasafai ba, an samu waɗanda hantarsu ta yi mummunan rauni suna shan sa.

Akwai wani da ake haɗa fentamin da tofiramet a ƙwaya ɗaya, wanda ya fito a 2012. Yana kashe sha'awar abinci, amma fentamin na sa bugun zuciya, tofiramet kuma idan ciki ya shiga ana shan sa yana ƙara haɗarin haihuwar jariri da tsagaggen leɓe ko ganɗa.

Wanda ake ta yayi yanzu shi ne allurar semagulutayid, da ake yi sau ɗaya a mako a ƙarƙashin fata. Ta fito da sunan Ozempic a 2017 don masu ciwon sukari, sannan da sunan Wegovy a 2021 don rage ƙiba. Tana sa mutum ya ƙoshi da wuri, abinci ya daɗe a ciki. A babban gwajin da aka yi mata, mutane sun rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Gwajin da aka yi a kan masu dashe na mutane kaɗan ne, amma ya nuna ba ta cika taɓa yawan takrolimus a jini ba, shi ya sa likitocin dashe suka fara ba wasu, musamman masu sukari. To amma tana sa tashin zuciya, amai da gudawa, waɗanda a wurin mai dashe ba ƙaramin abu ba ne. Takrolimus magani ne mai tsauri, sau biyu a rana, awa goma sha biyu tsakani. Amai na zubar da shi, jini ya rasa, gudawa kuma takan sa ya hau fiye da kima ya taɓa ƙoda. Ga tsada, ga buƙatar firiji a inda wuta ba ta tsayawa. Idan aka daina ta, yawancin nauyin kan dawo cikin shekara. Akwai kuma jabu a kasuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan haka a 2024. Idan an samu jabun a Ingila da Amurka, ina ga wadda aka tallata miki a WhatsApp?

Abu ɗaya ya haɗa waɗannan magunguna duka, kuma shi ne ya shafe ki kai tsaye: babu ko ɗaya da aka yarda mai juna biyu ta yi amfani da shi. Semagulutayid ma sai an daina ta da aƙalla wata biyu kafin a nemi ciki, domin tana daɗewa a jiki. Mai shayarwa ita ma ba a ba ta su.

Shayin rage tumbi kuwa ya fi su duka ba ni tsoro, domin waɗancan aƙalla an san abin da ke cikinsu. Yawancin irin wannan shayi ganyen sa gudawa ne, dangin filasko, wanda ruwa kawai yake zuƙewa daga jiki, sikeli ya nuna an ragu alhali kitse na nan daram. Wasu ana zuba musu maganin sa fitsari. An sha kama wasu da sibutiramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wasu ƙwayoyin da ake yi da tataccen sinadarin koren shayi mai ƙarfi an tabbatar sun lalata hantar masu lafiya, har an yi wa wasu dashe a dalilinsu. Kalmar "na gargajiya ne" ko "ganye ne zalla" da aka rubuta a kwali ba shaida ba ce. Duk abin da kika haɗiye ta hanta yake bi.

Mai dashe za ta iya haihuwa?

Ƙwarai kuwa. An fara samun haihuwa bayan dashen hanta a 1978, kuma tun daga lokacin mata da yawa sun haihu lafiya. Mai ciwon hanta mai tsanani al'adarta kan ɗauke, amma bayan dashe takan dawo cikin 'yan watanni, ciki kuma yana iya shiga ba shiri. Likitoci na son a jira aƙalla shekara ɗaya, wasu su ce biyu, sai hanta ta zauna, an rage magunguna. A wannan tsakani dole a yi tazarar haihuwa, kuma robar mahaifa ko wadda ake sawa a damtse sun fi dacewa da ita, don ba a mantuwa da su.

Yanzu ga dalilin faɗuwar gabana. A ledar matar nan akwai maikofenolet. Idan ciki ya shiga ana shan sa, kusan rabi ɓari suke yi, waɗanda aka haifa kuma kimanin ɗaya cikin huɗu na zuwa da tawaya, a kunne, leɓe, ko zuciya. Dole likita ya canja shi zuwa azatayofirin, wato Imuran, aƙalla mako shida kafin a nemi ciki. Da na yi mata awon fitsari hannuna rawa yake. Allah ya taimake mu babu ciki, wahalar gudawa da rikicewar jiki ce ta jinkirta al'adar. Amma awon jini ya nuna hanta ta fara kumbura, ƙoda ma ta taɓu, ga jiri da kasala saboda yanke firednisolon da ta yi rana ɗaya. A ranar aka ba ta gado a ɓangaren likitocin hanta.

Takrolimus, azatayofirin da ɗan firednisolon kaɗan ana ci gaba da su a lokacin goyon ciki, ana kuma shayarwa a kansu. Daina su ya fi shan su haɗari nesa ba kusa ba, ga uwa da ɗan duka. Sai dai cikin mai dashe ba na awo a ƙaramin asibiti ba ne. Kusan ɗaya cikin biyar na samun hawan jinin masu ciki mai kaiwa ga jijjiga, haihuwar bakwaini ma ta fi yawa a cikinsu. Idan tana kusa da Birnin Kudu za ta iya zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke can don awon jini da fitsari akai-akai, amma awon yawan takrolimus a jini da shawarar canja magani sai babban asibitin da ya saba da masu dashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, alal misali, yana dashen ƙoda tun 2002, kuma magungunan garkuwar iri ɗaya ne.

Sha-ka-fashe

Mu dawo kanki, ke da ba a yi wa dashe ba. Ƙwayar nan da likitoci ke ta fama su rage wa mai dashe saboda illarta, 'yar'uwarta ce matanmu ke saye da kuɗinsu don su yi ƙiba. Sha-ka-fashe da ake ƙirga wa mata a leda, ba kwali ba takarda, yawanci deksametazon ne, a haɗa da saifuroheftadin, wanda aka fi sani da Periactin ko Super Apeti. Deksametazon gidansu ɗaya da firednisolon, sai dai ya fi shi ƙarfi kusan sau bakwai. Amare na sha kafin biki, masu jego na sha don a ce miji ya iya kiwo, wasu kuma don kishiya ta fi su cika zane. Ni a ganina laifin ba na matan kaɗai ba ne. Mijin da ke gorin rama da uwar mijin da ke cewa yarinyar nan kamar ba a ba ta abinci, su ma da hannunsu a ciki.

Abin da ƙwayar ke kawowa ba ƙibar lafiya ba ce. Mu a ɗakin awo da gani muke ganewa: fuska ta yi zagaye kamar faranti, wuya ya cika, tumbi ya fito, amma hannu da ƙafa sirara, ga nankarwa mai faɗi a cinya da ciki tun cikin bai tsufa ba. A ciki kuwa sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi na yin laushi, gyambon ciki na iya tasowa, garkuwar jiki ta kwanta yadda ƙaramin ƙurji sai ya zama miki, tarin fuka da ke kwance ya farka. Mai dashe ta karɓi wannan haɗari ne don ba ta da zaɓi, kuma ana auna ta kowane wata. Ke fa?

Ga mai juna biyu akwai ƙari. Firednisolon mabiyiya na tace yawancinsa kafin ya kai ga jariri, amma deksametazon wucewa yake kai tsaye. Saboda haka ne ma muke amfani da shi a asibiti idan naƙuda ta taso kafin lokaci, tsakanin mako 24 zuwa 34, allura huɗu cikin kwana biyu, don huhun jariri ya yi ƙwari. Wannan kwana biyu ne a ƙarƙashin kulawa. Shan sa wata da watanni kuwa yana hana jariri girma a ciki, uwa na kumbura ɗa na tsumburewa. Saifuroheftadin kuma yana sa barci da kasala, yana iya rage ruwan nono, kuma an samu waɗanda ya taɓa musu hanta.

Idan kina shan sha-ka-fashe fiye da mako uku, kada ki yanke shi yau don kin karanta wannan takarda. Jikinki yana da wasu ƙananan halittu a saman ƙoda da ke samar da irin wannan sinadari, kuma idan ana ba su daga waje sai su kwanta barci. Yanke shi rana ɗaya na iya sa jini ya faɗi, amai, suma, har rasa rai. Ki kawo ledar ki nuna mana, likita zai tsara yadda za a rage. Ba za mu yi miki faɗa ba, ba kuma za mu gaya wa kowa ba. Mun fi buƙatar sani kafin ranar naƙuda ko tiyata, domin a ranar jikinki zai nemi ƙarin wannan sinadari, idan ba mu sani ba jininki zai faɗi muna neman dalili a wani wuri.

Nauyin da ya kamata ki ƙara

Ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne, ko da kina da jiki. Mu ɗauki mace mai matsakaicin tsawo, mita 1.6. Idan kafin ciki nauyinta tsakanin kilo 47 da 64 yake, ana son ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin haihuwa. Idan ba ta kai 47 ba, ta ƙara 12 da rabi zuwa 18. Daga 64 zuwa 77, kilo 7 zuwa 11 da rabi sun isa. Wadda ta haura 77, kilo 5 zuwa 9. Yawancin wannan nauyi ba kitse ba ne, jariri ne, mabiyiya, ruwan da yake kwance a ciki, mahaifar da ta girma, nono, da ƙarin jini. Gaskiya a yankinmu waɗanda ba sa ƙara isasshen nauyi sun fi yawa, kuma maganinsu na cikin rumbu da bayan gida: wake, gyaɗa, riɗi, ƙwai, nono, zogale, rama, miyar kuka da ɗan kifi ko nama, tare da ƙwayoyin ƙarin jini da muke bayarwa. Mai jiki kuma ta rage sukarin zoɓo, kunu da shayi, ta bar lemon kwalba, ta rage soye-soye, ta mayar da malmala uku biyu ta ƙara ganye, ta riƙa tattaki na rabin awa da yamma ko da a tsakar gida ne. Abin da muke gaya wa mai dashe ke nan, ba bambanci.

Wani nauyin kuwa ba na abinci ba ne. Idan kika ga cikin 'yan kwanaki fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai mai tsanani, gani na dishi-dishi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada a ce ciki ya karɓe ki. Alamar hawan jinin masu ciki ce, wanda ke kai wa ga jijjiga, yana kuma taɓa hanta da ƙoda. Maigida, a wannan ranar za ka nemo mota, ba gobe ba. Kada kuma a sayo mata Lasix a kemis don kumburin ya saɓe, ɓoye alamar kawai zai yi.

Kare hantar jaririnki

Matar Kangire ba ta san ranar da ta kamu da ciwon hanta ba, amma da aka auna mahaifiyarta an same ta da shi, don haka da alama tun a haihuwa ne. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Babba idan ya kamu, galibi jikinsa kan kore cutar. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, tara cikin goma tana zama a jikinsu har girma. Ki nemi a yi miki awon ciwon hanta a zuwanki na farko. Idan kina da shi kuma ƙwayar cutar na da yawa a jini, akwai maganin tenofobir da likita zai ɗora ki a kai a watannin ƙarshe na ciki. Jariri kuma, ko kina da cutar ko ba ki da ita, a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Tana cikin rigakafin yara a ƙasar nan tun 2004, kyauta ce a asibitin gwamnati, sai kuma a cika da na mako 6, 10 da 14. Idan a gida kika haihu, kada a jira suna, a naɗe shi a kawo shi a ranar. A kula da askar wanzami wajen aski, kaciya da cire beli, kowane yaro da sabuwar reza. Mai ciwon hanta nau'in B za ta shayar da ɗanta, nono ba ya hana shi kariya.

Ita dai baiwar Allah ta yi kwana tara a kwance. An mayar da ita kan firednisolon, aka sake ragewa a hankali, awon hanta ya dawo daidai. Likita ya zauna da ita da mijinta, suka ce suna son ƙarin haihuwa, sai aka ajiye maganar allurar rage ƙiba gaba ɗaya, aka canja maikofenolet zuwa azatayofirin, maganin ciwon hantarta ma aka mayar da shi tenofobir, muka sa mata roba na wata takwas. A wannan lokaci ta koma surfenta da 'yan aikace-aikacen gida, uwar mijin ta daina aiko farfesun dare bayan mun yi magana da ita, nauyi ya sauko zuwa kilo 67 ba tare da ƙwaya ko ɗaya ta rage ƙiba ba. An auna 'ya'yanta biyu, babbar tana ɗauke da cutar kuma an buɗe mata kati, ƙaramin an yi masa rigakafi. Yanzu cikinta wata biyar, tana zuwa duk bayan mako biyu da ledar magungunanta a hannu, jininta a zuwan ƙarshe 130 bisa 80.

Ke ma idan za ki zo awo na gaba, ki haɗo duk abin da kike sha a leda ɗaya, na asibiti, na kemis, na Islamiyya da na gargajiya, har da shayi da garin da ake zuba miki a kunu, mu duba su tare.